Hoto a Gindin Hasumiyar Hatta

"Yarinyar nan ko tari ba ta yi a shago. Juma'a dai za mu kai ta Hatta."

Gwaggo Zaituna ce ta faɗa a waya, ina bayan kwalayen abaya ina rubuta sunayen masu kaya. Ba ta san ina nan ba. Mutane sukan manta ina wuri.

Wata biyar ke nan da ta kawo ni Dubai in taya ta zaman shagonta a Al Sabkha. Saura kwana tara bizata ta ƙare. Kuma a gidanmu kowa ya san abin da zuwa garin Hatta yake nufi. Asama'u, 'yar ƙanwarta, an kai ta ranar Juma'a, aka yi mata hoto a gindin hasumiya, Talata tana Kano. Salmanu, wani ɗan uwanmu, shi ma haka. Gwaggo ba ta iya ce wa mutum ya tafi ba, sai dai ta kai shi yawon buɗe ido.

Ni kuwa ba na son komawa. Na san kowane kwali da inda za shi. Na koyi 'yan kalmomin Larabci irin su "khalas" da "shwaiya", ko da yake a zuci nake faɗarsu.

Juma'a da safe ta ce, "Mahfuza, ɗauko fasfonki."

Na ɗauko. Ban ce don me ba.

Mijinta, Baba Ɗalhatu, shi ya ja motar. Tun daga Ras Al Khor ya fara ba mu tarihi, sai da rairayi ya ƙare duwatsu suka fara bai gama ba. Ya ce garin na Dubai ne amma a yanke yake, can bakin iyaka. Ya ce idan mutum ya yi atishawa da ƙarfi, 'yan Oman ne za su ce masa yarhamukallah.

"Alhaji, wannan karo na huɗu ke nan ina jin atishawar nan," in ji Gwaggo.

"To ai Mahfuza ba ta ji ba."

"Ko ta ji ba za ka sani ba."

Tsohon garin an gyara shi tas, kamar ana jiran baƙi. Ɗakunan ƙasa da dutse, rufin kara da itacen dabino, tukwane a jere ba mai girki. Akwai gidan mai garin na da, ginin kariya ne mai katanga, allon bayaninsa ya ce an gina shi a 1896. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa.

"Wannan ne ganuwar tasu? Zauren kakanmu ya fi shi."

Na tsaya na karanta allon har ƙarshe. Na karanta na tsohon masallaci, wanda ya girmi gidan da fiye da shekara ɗari. Na karanta na magudanar da ke kai ruwa gindin dabino. Har na wurin ajiye mota na karanta. Na lissafa cewa muddin ina karatu, ba a yi hoto ba.

"Jarrabawa za ki rubuta ne?" in ji Gwaggo. "Yalla, mu hau."

Hasumiya biyu ce, kowacce a kan tudunta, suna kallon kwarin ta gefe biyu. Muka hau tudu guda. Gwaggo tana hawa tana salati, tana cewa gwiwarta ba ta wannan aikin ba ce. Da muka isa na ga ƙofar tana can sama, ta fi tsayin mutum, kuma ba matakala. Baba Ɗalhatu ya ce da igiya masu gadi suke hawa, in sun shiga su janye abarsu. Su zauna ciki suna leƙe ta 'yan ramuka, wa ya shigo, wa ya fita.

"Ba sa magana da kowa?" Ban san a fili na faɗa ba.

Su biyun suka juyo.

"Ikon Allah," in ji Baba Ɗalhatu. "Hajiya, ashe akwai batir."

"Aikinsu kallo ne," ya ce daga baya. "In sun ga abu sai su yi ihu."

Gwaggo ta ce, "Su dai suna ihun."

Ta zauna a kan dutse ta huta. Daga nan ana hango gonakin dabino da fararen gidaje da titin da ya miƙe zuwa iyaka, inda na ji wasu kan je su sabunta biza. Fasfona yana cikin jaka, na taɓa shi ya fi sau goma.

Sai ta ciro waya. Ta goge gilashin da bakin mayafinta, kamar yadda na tabbata ta yi wa Asama'u.

"Tsaya can gindin. Gyara ɗankwalin. Alhaji, matsa, inuwarka tana shiga."

Baba Ɗalhatu ya matsa. Ni ban matsa ba.

"Mahfuza, rana fa tana dukana."

Na dubi ƙofar nan ta sama.

"Gwaggo," na ce, sai muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har wasu Turawa suka waiwayo. "Hoton nan, na tafiya gida ne?"