Majinyacin Inna Aina'u

Karo na uku ke nan Zakiyya ta fito daga ɗakin surukarta da kwanon kunu yadda ta shiga da shi. Mijinta Malam Hashimu na tsaye a tsakar gida, dawowarsa ke nan daga Islamiyya, ko hula bai cire ba. Yau kwana huɗu rabon mahaifiyarsa, Inna Aina'u, da abinci, sai ruwa, shi ma da lallashi. Likita a Dawakin Tofa ya ce tsufa ne ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, in ta ci gaba da ƙin ci, to sai dai haƙuri.

Magana ɗaya take maimaitawa: baƙinta ba su ci ba, ita ma ba za ta ci ba.

Ai Hashimu ya san baƙin. Da can gidan nan ba ya rabo da jama'a. Inna 'yar bori ce, mai magani, sunanta ya kai har Tofa. A kan jaki ake kawo mata wanda iska ta taɓa, da matar da ciki ba ya zama mata, da wanda ya daina magana ba dalili. A ɗakin bayan rumbu suke jinya. Cikin ƙamshin turare ya tashi, sassaƙe na tafasa a tukunya, mai garaya na gyara tsirkiya a gindin tsamiya, mata na rangaɗa guɗa. Wallahi har yau in ya ji warin jiƙo sai kewa ta kama shi, ko da yake ba ya gaya wa kowa.

Shi ne kuma ya tsai da komai. Da ya dawo daga karatu, ga ƙuruciya ga zafin kai, ya tara kayan borin ya cinna musu wuta, ya sallami mai garaya, ya mai da ɗakin jinya wurin ajiye taki. Inna ba ta hana shi ba. Ɗan fari ne, sunansa ma ba ta kamawa, balle ta yi cacar baki da shi. Shekara ashirin da biyu ke nan. Har gobe yana ganin gaskiya ya bi, amma yadda ya bi ta yana ci masa rai.

Bayan la'asar Gwaggo Huseina ta zo dubiya, tsohuwar da ta taɓa yin wata uku a ɗakin bayan rumbu. Da ta ji abin da ake ciki sai ta ja tsaki, ta ce duk karatun nasu bai gaya musu wannan ba? Inna ba ta taɓa cin abinci kafin majinyaci ba. Kuma ko kunu ne ko magani, ba ta miƙa ludayi sai ta fara kurɓa a gabansa, don ya saki jiki ya san ba a sa masa komai ba. Kowane ludayi haka take yi.

"Ku samo mata majinyaci, ku ga aiki," in ji ta.

Zakiyya ta ce ita za ta kwanta. Gwaggo ta ce ina, ai ita Inna ta san ta, kullum tana ganin ta da kwano. A cikin su biyun ba wadda ta dubi Malam. A gidan nan kaf shi kaɗai ne Inna ta daina ganewa tun damina.

Ya cire hula, ya tuɓe babbar riga. Mutumin da ke jan salla a unguwa ya shimfiɗa tabarma a ɗakin uwarsa, ya kwanta ya juya wa ƙofa baya, kunya kamar ta kashe shi. Gwaggo ta durƙusa ta ce wa Inna an kawo wani daga nesa, ya ƙi ci ya ƙi sha.

Tsohuwar da ta kwana huɗu ba ta ɗaga kai ba ta ce a tashe ta zaune. Ta dafa goshinsa, ta buɗe masa ido ta leƙa, ta matsa ƙirjinsa da yatsu biyu. Rabonsa da jin hannun nan a jikinsa tun yana yaro. Ta yi bisimilla, ta ce a miƙo kunu.

Ta kurɓa, ta miƙa masa. Ya kau da kai da gangan. Ta sake kurɓa, ta haɗiye a gabansa, tana lallashinsa da muryar da yake ji ta bayan rumbu a da. Haka suka yi ta yi, yana ƙi tana sha, har ludayi ya fara kankare gindin kwano. Zakiyya na bakin ƙofa tana share hawaye da gefen zane.

Inna ta sunkuyo dab da kunnensa.

"Ciwonka a zuci yake, bawan Allah, ba na kwana ɗaya ba ne. Gobe ka dawo. Amma ka biyo ta baya, kada mai gidan nan ya gan ka, ba ya so. Ba mugu ba ne, ka ji? Kada ka riƙe shi a rai."

"To, Inna," in ji Malam Hashimu. "Da sassafe zan zo."