Kati Mai Fanka Uku

Ranar da Babanmu ya bi ta kan shanyar tattasai a bakin titin Kafin Hausa, cewa ya yi ya ɗauka jar ƙasa ce aka zuba za a yi gyaran hanya. Shanyar mutum huɗu ya niƙe tas da tirela, kuma saura ƙiris ya haɗa da wata tsohuwa da ke korar awaki a gefe. Da aka faɗa masa zancen tsohuwar sai ya ce shi turmi ya gani.

Shekararsa arba'in da ɗaya yana jan babbar mota daga Haɗeja zuwa Kudu. Shinkafa, kankana, bandar kifi, duk abin da fadama ta bayar shi ne mai kaiwa. In ka ce Ari Direba a tasha, ba wanda zai tambaye ka wane Arin. To amma ido ya tafi, kowa ya sani ban da mai idon. An yi, an yi ya je a duba shi, ya ce idonsa garau, gilashin motar ne ya tsufa. Daga ƙarshe Yaya Sa'idu, babban wanmu, ya karɓe makulli ya miƙa wa Kawu Buba, abokin Baba tun na samartaka, ya ci gaba da jan motar.

Sati biyu Baba yana zaune a zaure yana faɗa da kaji. Ni Ummussalma, autarsa, kwamfuta nake koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma ina da wata tsohuwar kwamfuta a ɗaki da nake buga gem a kanta, wanda zai yi gulma ya yi. Na saka masa gem ɗin tuƙin tirela, na samo sitiyari da abin taka birki na ɗaure a tebur. Ya kalle su sama da ƙasa ya ce kayan yara. Ranar nan sai a gaban allon aka kai masa abincin rana.

Kwamfutar kuwa ta sha duniya. Har yau akwai shatin ruwan ambaliya a gindin akwatinta. Hoton yana tafiya yana tsayawa, mota ta yi gaba ta ƙame, sai kawai ka gan ka a cikin rami. Baba ya bugi turakun lantarki, ya bugi motocin mutane, wata rana ya shiga gidan mai ta bango. Kowane karo sai ya ce laifin inji ne, hoton ne ba ya fita. Abin haushin, wannan karon yana da rabin gaskiya.

Sai Yaya Sa'idu ya zo da bakinsa, wanda ba shi da linzami tun muna yara. Ranar wata Juma'a, a gaban Kawu Buba da maƙwabta biyu, ya ce, "Baba, in ka kai kaya gari ɗaya a kwamfutar nan ba ka taɓa kowa ba, wallahi na ba ka makullinka."

Baba ya ce, "Kun dai ji shi." Ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa aka saka mini, don haka ba ya faɗar sunana. "Uwata, a gyara inji. Ba a gwada direba da mataccen inji."

Na ce masa abin da ya tsufa shi ne katin hoto, wato abin da ke zana hanya da motoci a kan allo, sai kuma ram, wanda in ya yi kaɗan komai yake sarƙewa. Ya gyaɗa kai kamar na ce masa kafireta. Na ce ya ba ni kwana biyu in bincika wanda zai dace.

Washegari na dawo daga unguwa na tarar da akwatin a buɗe, an zare katin. Baba ya bi ƙa'idar da ya sani tun yana yaron mota: in za ka sayi kayan gyara, sai ka tafi da tsohon a matsayin samfur. Ya naɗe shi a leda ya ba Kawu Buba da zai shiga Kano, ya ce masa kada ya yarda a ba shi wani iri, sak wannan.

Kawu Buba mutum ne mai riƙon amana. Yini guda ya yi yana zaga kasuwa, ana nuna masa sababbi yana ƙi. Can wani ya tono masa a ƙasan kwali. Ya dawo yana murna ya ajiye mana biyu a kan tabarma, ya ce, "Maigida, duba, ko tagwaye albarka." Haka ne kuwa. Mun tashi da tsohon kati ɗaya, mun kwana da biyu.

Na ce daga yau ba mai sake sayen ko dunƙulen waya sai da sanina. Na samu wani mai shago a Kano, muka fara ciniki ta waya, yana turo hotuna. Baba ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce ba a sayen inji a bayan idon direba.

"Tambaye shi doki nawa ne."

"Baba, ba a lissafa shi da doki. Giga takwas ne."

"Beljiyam ne ko sabo?"

Na tambaya. Mai shago ya ce Beljiyam ne, amma mai tsabta, wata Baturiya ce ta yi amfani da shi. Baba ya ce duk motar da ya taɓa saya a rayuwarsa wata Baturiya ce ta yi amfani da ita, ko dai matar nan ba ta barci.

Muka zo kan tsawo. Akwatin nawa ƙarami ne, manyan katuna ba sa shiga. Baba ya zura hannu ya auna ya ce taƙi ɗaya da yatsa uku. Na ce mai shago bai san girman hannunsa ba, na ɗauko tef ɗin ɗinki. Da na auna, sai ya zo daidai da nasa, bai kuma bar ni na manta ba har magariba. Sannan wuta: gidanmu sola ce, inbatar da ke ba mu wuta daga batir kuwa ko dutsen guga ta gani sai ta fara kuka. Kati mai ƙarfi yana shan wuta, sai an canza masa fawa fak, akwatin da ke raba wuta a ciki. Baba ya ce wannan ai ba sabon labari ba ne, babban inji babban tanki.

Aka rage saura kati biyu. Ɗaya ƙarami mai fanka ɗaya, zai ɗan gyara hoton amma zai riƙa sarƙewa jefi-jefi. Ɗayan mai fanka uku, zai shiga akwatin da ƙyar, mai shago ya rantse har gashin gemun direba za a gani a madubi.

A nan na hau lissafi da wayar a hannu. In na ɗauki ƙaramin, Baba zai ci gaba da bugun turaku yana zagin inji, mutuncinsa a hannunsa, makulli a aljihun Kawu Buba, kowa ya huta. In na ɗauki babban, ɗayan biyu ne: ko ya ci jarrabawar ya koma titi ya kashe 'ya'yan mutane, ko ya faɗi, kuma ba sauran abin da zai ɗora wa laifi. Tsoro nake ji ta kowane gefe, kuma na ji haushin Yaya Sa'idu har cikin raina.

Na ce, "Baba, ƙaramin nan ma ya isa."

Ya ce, "Fanka nawa?"

"Ɗaya."

"A zafin Haɗeja? Uwata, ko dai ke ma kin shiga layinsu ne?"

Ban taɓa yi masa ƙarya ya kasa ganewa ba, ko da idon ko babu. Na ce wa mai shago ya sako mai fanka uku, da fawa fak, da ram biyu masu giga takwas-takwas.

Kaya suka iso ta tasha ranar Alhamis. Baba ya ɗaga katin ya jinjina nauyinsa, ya ƙwanƙwasa shi kusa da kunne, ya sansana, ya ce ba a taɓa buɗe shi ba. Wajen saka ram na juya shi baibai, tsagar ba ta hau ba, kafin in ankara ya aika a aro masa magagari zai ɗan goge bakin. Da ƙyar na ƙwace. Na juya shi, ya shige ƙas.

Aka sa gwaji ranar Asabar da hantsi, lokacin da rana ta cika batir. Yaya Sa'idu ya zo, Kawu Buba ya zo da makullin a aljihun gaba, maƙwabtan nan biyu ma suka zo tun da su ne shaidu. Na kunna. Fankoki uku suka ɗauka a hankali.

Jama'a, hoto ya fito! Kwalta har da tsagewarta, ciyawa tana kaɗawa, digon ruwa a kan gilashi ɗaya-ɗaya. Kawu Buba ya ce, "La ilaha illallahu, Maigida, har lambar motar gabanka ana karantawa!" Maƙwabcinmu ya matso yana ƙirga tsuntsaye a kan waya.

Baba ya gyara zama, ya kama sitiyari, ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya ja baya. Ya sake matsowa. Ya goge allon da hannun riga.

Ya ce, "To, Uwata, kunna sabon mana."

Yaya Sa'idu, mai bakin nan, ƙasa yake kallo. Ni kuwa na tsani katin nan da fankokinsa uku kamar in ciro shi in jefa a kogi.

Na ce, "Shi ne wannan, Baba."

Ya ce, "Af."

Ya saka giya ya ja motar a hankali. Bai yi nisa ba ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya daidaita ta tsaf yadda ya saba, ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Bai taɓa kowa ba. Ya zauna hannunsa a kan cinya.

Can ya ce, "Inji lafiya lau. An yi saye mai kyau." Ya juya wajen da yake jin numfashin abokinsa. "Buba, yaushe za ka shiga Kano?"

"Litinin, in Allah ya kai mu."

"Ka biyo ka ɗauke ni, ka ajiye ni a asibitin idon nan."

Kawu Buba ya ce to. Baba ya laluba ya ɗauki hularsa a kan tebur, ya miƙe.

"Kuma ka kwashe tarkacenka daga kujerar fasinja," ya ce. "Ban taɓa zama a can ba, ban san yadda take ba."