Dariyar Sifaniyawa a Ɗakin Halliru

Habu ne ya bar kawunsa ya mutu shi kaɗai. Haka na gaya masa a matakalar benenmu da ke unguwar Rusholme a Manchester, ana saukowa da gawar Malam Halliru, shi kuma yana tsaye da makullin da ya kawo daga Birmingham bayan an riga an ɓalle ƙofar.

Halliru maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba mu. Ya yi shekaru yana aikin gini a Madrid. Da aikin ya mutu, ya ƙetaro Manchester da ciwon sukari da jakar faya-fayan wani wasan barkwanci na Sifaniyawa. Wasu abokai ne maza da mata, kullum suna falo ko mashaya suna tsokanar juna, wasu mutanen da ba a gani suna ta dariya. Idan sun yi, sai ka ji tasa ta biyo baya da tari.

Ban ɓoye masa ra'ayina ba. "Malam Halliru, da furfurarka kana kallon 'yan mashaya?"

"Malam Uba, su suka koya mini yaren ƙasar. Ka ga mai sanƙon nan? Kullum korarsa ake yi daga aiki, amma ba su taɓa barinsa ya ci abinci shi kaɗai ba. Kai yaushe rabonka da shigowa?"

"Shekaranjiya na shigo."

"Faɗa ya kawo ka."

Kowace safiya council, wato ƙaramar hukuma, na turo Scholastica, wata 'yar Jos, ta duba sukarinsa ta wanke masa gyambon ƙafa. A shekarar da gwamnati ta matsa da rage kashe kuɗi, aka turo masu tantance waɗanda za a ci gaba da kula da su. Habu, ɗan ƙanwarsa da ke zaune a unguwar Aston ta Birmingham, ya zo a ranar cikin kwat.

"Mace, kuma bare, tana wanke wa kawuna ƙafa ina raye? Me za a ce a Zariya? Ni zan kula da shi."

Dama abin da suke son ji ke nan. Suka soke zuwan Scholastica nan take. Da za ta miƙa masa makulli ta ce, "Habu, ka yanka wa Malam Uba ɗaya, shi ne kusa."

"Sister, bar shi. Maganar family ce."

Farko-farko ya riƙa zuwa. Daga baya ya kawo kwamfuta, ya zuba wasan gaba ɗaya a ciki, ya saita ta yadda wani kashi na ƙarewa wani zai ɗauka, don kawu ya rage kiransa.

Wata Juma'a na yi sallama mu tafi masallaci, ba a amsa ba. Na buga ƙofa, shiru. Na kira Habu.

"Baba, kana jin TV?"

"Ina ji."

"To he's fine. Ina da shift, zan zo weekend."

"Dariyarsu nake ji. Tasa ce ban ji ba tun jiya. Ka hau mota ka kawo makullin."

"Baba, Birmingham fa ba bayan gida ba ce."

Ya kashe wayar. Na kira Scholastica. Ta baro aikinta a Oxford Road, ta kira 'yan sanda tun tana cikin bas. Suka ɓalle ƙofar.

Halliru yana zaune a kujera, rai ya yi halinsa, da ƙyalle rabi a naɗe a ƙafarsa, ya yi ƙoƙarin ɗaure gyambon da kansa. Robar ruwa ta kife a kan darduma. A kwamfutar mai sanƙon yana rawa a kan tebur, ana ta ƙyaƙyata dariya. Scholastica ta rufe ta, ta durƙusa ta ƙarasa naɗa masa ƙyallen, ko da yake ba shi da sauran amfani.

Bayan an binne shi, Habu ya shimfiɗa tabarmi a ɗakin don karɓar gaisuwa. Ya sayo dabino da ruwan roba. Mutanenmu na Manchester sun zo, dattawa da ɗalibai, har da na Birmingham. Kowa ya hawo matakala ya wuce ƙofarsa, ya shiga falona inda matata ta zaunar da Scholastica, ya yi mata ta'aziyya.

Har aka tashi zaman makoki, ba wanda ya taka tabarmar Habu.