Bikon Zinatu

Kafin waya ta shiga kansa, Abdulmumin manomin albasa ne a Aliero, kuma ba laifi, mijin kirki ne. Sai wata shekara albasa ta yi daraja, ya sayi babbar waya, ya wayi gari ya zama malamin zaman aure. Kullum sai ya jingina ta a jikin buhu, ya gyara zaman hula, ya hau koya wa duniya yadda ake riƙe mace. Mutumin da bai san inda ake ajiye ludayi a gidansa ba. Masu kallo kuwa suka yi ta ƙaruwa, don marasa aikin yi ba sa ƙarewa.

Matarsa Zinatu ta haƙura da wannan. Ta haƙura da "sarauniyata" in waya na kunne, da "ke" in an kashe. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne zancen ɓarin da ta yi da damina, wanda ko innarta ba ta gaya wa ba. Sai ga ta a gidan suna a Jega, matan da ba ta taɓa gani ba suna yi mata sannu, wata har da dafa kafaɗa. Ashe malam ya zauna gaban waya ya zayyana komai, da jinin da kukan, wai don maza su koyi rarrashi. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Daga gidan sunan ba ta koma Aliero ba, ta yi yaji zuwa gidan ubanta a Andarai.

Abin da ta ɓoye wa kowa shi ne tana son komawa. Tana son mutumin nan, kuma tana jin haushin kanta a kan haka. Tana tuna lokacin da yake dawowa daga fadama da taɓo har gwiwa, ya miƙo mata rake, ya zauna bakin murhu su yi ta hira ba mai ji sai su. In wancan mijin ne zai zo biko, ko bai buɗe baki ba za ta bi shi. Shi ya sa ranar da aka ce yana tafe, tun da hantsi ta ɗaure kayanta, ta tura ƙullin bayan gado kada a ce ta ƙosa.

Ya iso bayan la'asar a kan babur, da abokinsa Surajo a baya, da goro, da turmin atamfa. Biko dai kowa ya san ba abin talla ba ne. A zaure ake yinsa, murya ƙasa-ƙasa, abin da aka faɗa kuma nan yake mutuwa. Malam Maccido, uban Zinatu, ya zauna a kan buzunsa yana sauraro, ita kuma tana laɓe bayan zana.

"Baba, a yi man gahwara," in ji Abdulmumin, hawaye na zubo masa. "Ni nat tona asirin ɗakina da bakina. Ba ni ƙarawa."

Idanun Zinatu suka ciko. Wannan ce muryar da ta sani.

"Zinatu, taho," in ji tsohon. "Ga mijinki ya zaka."

Ta shigo ta durƙusa. Sai da ta ɗaga kai ta hangi Surajo a lungu, ya kafa waya a ƙirji ya saita ta ƙofa. Tsohon bai kawo komai a ransa ba, shi a ganinsa haka mutanen yanzu ke rungume abarsu.

Abdulmumin ya saci kallon abokinsa. Surajo ya girgiza kai, ya nuna ranar da ke shigowa ta ƙofar. Sai malamin zaman aure ya sunkuyo wajen matarsa, hawayen ma bai bushe ba, ya rage murya.

"Haske ya ɓata wurin, ba a ga huskarki ba. Koma ki sake hitowa, sannu-sannu, kina ɗan share ido."

Ta daɗe tana kallonsa. Fushin ma bai samu zuwa ba. Raini ne ya cika ta, har ta ji kunyar ƙullin da ke bayan gado.

"To, Malam," ta ce. Ta miƙe ta shige.

Gogan ya gyara hula, ya sake durƙusawa, ya haɗa fuskar nadama sabuwa fil. Surajo ya matsa gefe ya gyara tsayuwa.

A ɗaki Zinatu ta jawo ƙullin ta kwance, ta shiga jera zannuwanta ɗaya bayan ɗaya. Innarta ta leƙo.

"Lahiya, ɗiyata? Ba tahiya za ki yi ba?"

"Lahiya lau, Inna. Ara man tsintsiya, ɗakinga na son shara."

Can a zaure mijin na durƙushe, waya na kallon ƙofa, har aka kira magariba. Malam Maccido ya ɗauki butarsa, ya tsallake goron, ya fita.