Rijiyar Hajiya Kulsum

Da safiyar Juma'a Rahinatu ta shiga lungun mahauta, ta tarar da abin da take tsoro. Mata sun yi layi da bokitai a bakin rijiyar Hajiya Kulsum, guga na sauka yana hawa kamar ba a taɓa cewa komai ba. Takardar gargaɗin da aka manna jiya babu ita, sai guntun kusurwarta a jikin siminti.

Rahinatu ita ce mai auna ruwa a wata 'yar cibiyar bincike da ke unguwar Ekoudou. Cibiya dai a suna: ɗaki biyu a saman shagon tela, da mutum uku. Dokta Mohaman Bello na rubuta rahoto, Taufiƙ na yawo a babur yana ɗebo ruwa daga rijiyoyi, ita kuma tana aunawa. Aikin gaya wa jama'a abin da aka gano kuwa ba shi da mai shi. Kowa na ganin ɗan'uwansa zai yi.

A makon nan ta auna ruwan rijiyar, ta sake aunawa, ta kuma sakewa don kada ta ɗauki alhakin kowa. Amsa ɗaya ce: ruwan cike yake da ƙwayoyin cutar gudawa. Dalilin ma ba a ɓoye yake ba. Kwatar da mahauta ke zubar da ruwan wankin kayan ciki ta bi ta gindin rijiyar, simintin kuma ya tsage. Dokta ya sa Taufiƙ ya buga gargaɗi da Faransanci ya kai. Taufiƙ, da rijiyoyi ke jiransa har unguwar Nkomkana, ya manna takardar ya hau babur ya wuce. Ko sallama bai yi wa kowa ba.

"Ke kuma me ya dawo da ke?" in ji Adawiyya, maƙwabciyarsu tun suna yara, tana ɗaure bakin jarka. "In da ni ce, da na bi ta wani lungun. Alhaji Na'Allah, ɗan Hajiya Kulsum, da hannunsa ya yage takardarku."

"Adawiyya, wannan ruwan za ki kai wa yara?"

"To wane zan kai musu? Famfo tun yaushe rabonsa da kawo ruwa? Ku dai 'yan boko kun iya hana mutum, ba ku iya ba shi ba."

"Ko tafasawa ki yi."

"Da gas ɗin Doktanku?" Matan suka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Adawiyya ta rage murya. "Ya ce kun kira ruwan uwarsa guba a bainar jama'a. Ki yi hankali."

Rahinatu ta koma gefe ta kira Dokta. Ya saurare ta cikin natsuwar nan tasa mai tayar mata da hankali.

"Ma fille, 'yata, mun yi namu. Rahoto na kan shafinmu na intanet, mun aika wa mairie, ofishin magajin gari, kwafi. Mu masu bincike ne, ba masu wa'azi ba. Mu uku ne kawai. Ki dawo, ruwan Nkomkana na jiranki a firij."

"Docteur, wace mata ce a lungun nan take buɗe shafinmu?"

"Wannan kuma ba aikinmu ba ne."

Ta kashe wayar. Kalmar nan, ba aikinmu ba ne, ta cika asibitoci da yara fiye da kowace ƙwayar cuta. Mai ilimi ya gano, ya rubuta, ya adana, ya wanke hannu. Mai unguwa ya ce kakanninmu sun sha ba su mutu ba. Tsakaninsu yaro na ta zawo har idonsa ya faɗa.

Ta san abin da Dokta bai sani ba, ko bai damu ya sani ba. Wannan ba rijiyar gwamnati ba ce. Alhaji Na'Allah, babban mahautan lungun, shi ya haƙa ta bayan rasuwar mahaifiyarsa, sadaka mai gudana. A wurinsa duk gugan da ya fito lada ne yake tafiya kabarin Hajiya Kulsum. Wanda ya ce a daina sha, ya ce ke nan a yanke wa mamaciya abin da ɗanta ke aika mata. Irin wannan magana ba a manna ta a bango. Ana zuwa gida, a durƙusa, a gaisa, a bar mai abu ya faɗa wa mutane da bakinsa.

Ta same shi a rumfarsa yana sara cinyar bijimi, masu soya, wato masu gasa tsire, na jiran kasonsu. Ta durƙusa.

"Baba, ina kwana."

Bai ɗago ba. Wuƙar ta sauka a kan katako, ta sake sauka.

"'Yar Ilyas tela," ya ce daga baya. "Ubanki ya ɗinka mini rigar aurena. Da yana raye, da shi zan tambaya ko haka ya koya miki."

"Baba, mun yi kuskure. Ya kamata mu fara zuwa wurinka."

"Kuskure." Ya ajiye wuƙar ya goge hannu a tsumma. "Yaron makaranta ne ya karanta mini, ina tsaye kamar baƙo a ƙofar gidana. Da Faransanci. A goshin uwata. Jiya har masallaci ana tambayata wai da gaske ne ruwan Hajiya na kashe yara?"

"Takardar kuskure ce, Baba. Abin da ke cikinta ba kuskure ba ne."

Masu soya suka dubi juna. Wani ya ɗauki namansa ya sulale.

"Maimaita."

Ta maimaita. Ta faɗi maganar kwata, ta faɗi tsagewar siminti, ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ta ce ana iya gyarawa: a kauda kwatar, a toshe tsagar, a wanke rijiyar da magani, a sake aunawa. Kafin nan dole a rufe.

"A rufe," in ji Alhaji. "Har yaushe?"

"Sai ta gyaru."

"Ita kuma can a kabari ta jira ku, ko? Sai kun gama aune-aunenku?" Ya cire ƙyallen da ya ɗaura a ƙugu. "Tashi. Mu je."

Ya yi gaba tana binsa, mutane na binsu. Kafin su isa rijiyar lungun ya cika, har teloli sun bar kekunansu sun leƙo. Mata suka ja baya suka buɗe masa hanya. Ya karɓi guga daga hannun Adawiyya, ya jefa, ya jawo da ƙarfin mai sara ƙashi. Ya cika kofin silba da ke rataye a wurin, ya ɗaga. Ruwan garau, rana na wasa a cikinsa.

"Ku duba. Akwai wanda ya ga guba?"

Ya yi bisimilla ya shanye. Ya sake cikawa, ya miƙo wa Rahinatu.

"Sha. Ruwan da kika sha kika girma ne. Ko kuwa ki faɗa a gaban mutanen nan cewa sadakar uwata ƙazanta ce."

Ta dubi kofin. Ta san in ta sha, magana ta ƙare: gobe ko da lasifika ta zo babu mai saurarenta, za a ce ai ita ma ta sha. In ta ƙi, ta mayar wa dattijo hannu a gaban unguwa, kuma a wannan unguwar uwarta take kwana, a nan take sayen nama, a nan za a yi mata sallah ranar da ta mutu. Ta ji idon Adawiyya a kanta yana roƙonta ta kurɓa ko kaɗan a wuce wurin.

Ta haɗa hannayenta a baya.

"Ka gafarce ni, Baba. Ba zan sha ba. Sadakar Hajiya tsarkakakkiya ce. Kwatarmu ce ta shiga cikinta."

Wata tsohuwa ta yi salati a hankali. Hannun Alhaji na nan a miƙe, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

Sai ga wata 'yar yarinya da ba ta daɗe da fara tafiya ba ta ratso tsakanin ƙafafun mata, ta zo ta riƙe wandonsa. Jikarsa ce, 'yar babban ɗansa. Sunan Hajiya Kulsum aka sa mata, shi ya sa Alhaji bai taɓa kiran sunanta ba, Inna yake ce mata, kamar yadda yake kiran uwarsa. Ta ga kofi, ta ɗaga hannu biyu.

"Ruwa."

Kowa a lungun ya san ba ya hana ta komai. Hannunsa ya fara sauka da kansa, kamar yadda ya saba. Rahinatu ta matso kusa da shi. Ta so ta fizge kofin, ta san kuma in ta yi haka ta ɓata komai.

"Baba," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa yadda shi kaɗai zai ji. "Kai babba ne, cikinka zai iya ɗauka. Nata ba zai iya ba."

Kofin ya tsaya daidai goshin yarinyar. Ta yi miƙa, yatsunta suka taɓa gindinsa. Alhaji ya dube ta. Ya dubi kwatar da ke malala a gefen rijiyar, jini-jini, ƙudaje na bi. Yarinyar ta fara kukan shagwaɓa tana jan wandonsa.

"Haƙuri, Inna," ya ce. "Ba wannan ba."

Ya juya kofin ya zubar a ƙasa.

Ya ɗauki yarinyar ya miƙa wa uwarta, ya ce a tafasa ruwa a ba ta. Sannan ya jawo murfin ƙarfen rijiyar da kansa, ƙararsa ta cika lungun, ya zauna a kai. Ya dubi matan da ke riƙe da bokitai.

"Wadda ta ɗiba, ta yi wanki da shi, kada ta ba yaro. Rijiyar Hajiya za ta huta, gyara za mu yi mata. Ni na ce." Ya juya wurin mahauta. "Kwatar nan, bayan an sauko daga Juma'a, ba na son in ganta a nan."

Adawiyya ta sauke jarkarta. "To Alhaji, yau me za mu sha?"

"Tambayi malamar." Bai dubi Rahinatu ba. "Ke 'yar Ilyas. Ban yafe takardar ba tukuna. Amma tunda ke kika rufe, ke za ki tsaya. Duk wadda ta zo da bokiti ki yi mata bayani, da bakinki, da Hausa. Ki gaya musu inda ruwa mai kyau yake. Kullum, har a buɗe."

"To, Baba."

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Dokta ne. Ruwan Nkomkana na can a firij, kuma babu mai auna shi sai ita. Ta dubi sunan a fuskar wayar, ta dubi layin matan da bai ragu ba, wasu ma yanzu suke shigowa lungun da bokitai a ka, ba su san abin da ya faru ba.

Ta ɗaga wayar.

"Docteur, ina bakin rijiya, ba zan samu zuwa da safe ba. Gobe ma haka. In kana son a auna ruwan da wuri, ka zo ka karɓe ni a nan. Ka zo da hularka, akwai dattijon da za ka gaisar."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta mayar da wayar jaka, ta tari matar farko, ta fara da gaisuwa.