Wili Biyu a Ɗakin Surace

Mijina Raimo mutum ne mai hannu, sai dai tunaninsa kan iso bayan hannun ya gama aiki. Shekara da shekaru da aurenmu, mahaifina Veikko bai taɓa ce masa abin da ya wuce "to" ba, kuma abin na cin Raimo a rai. Da tsohon ya doshi shekara tamanin, Raimo ya lallaɓa ya ɗauko mataccen babur ɗin Baba daga sito. Ya rantse sai ya mai da shi sabo fil kafin ranar bikin cikar shekarun, ko Baba ya buɗe baki ya yaba masa sau ɗaya.

Inji ya tashi. Saura wili biyu da tsatsa ta ci. Mai fentin hoda na garin Kuopio, wanda ke fesawa ya gasa a tanda, ya ce sai ƙanƙara ta narke, don duk mai babur a ƙasar nan cikin hunturu yake tunawa da wilinsa. Raimo ya sayo fentin gwangwani, ya goge da samfefa, ya fesa baƙi mai sheƙi. Amma sanyin gareji ya hana shi bushewa, kana taɓawa yana danƙo.

Nan ya fara kallon ɗakin suracen Baba da ke bakin tafki, ɗan ɗakin katako da ake gasa duwatsu da wuta a zuba musu ruwa a yi wankan tururi. Na ce masa kul. A irin wannan ɗakin aka haifi Baba, ko ashar ba ya yarda a yi a ciki, balle fenti. Raimo ya ce yau Laraba, Baba sai Asabar yake hura wuta. Zafi kawai yake so, ba wanda zai zuba ruwa a duwatsu. Ya hura wuta, ya jera wilin a bencin sama kamar manyan baƙi, ya dawo muna shan kofi yana ta yabon kansa.

Hayaƙi ya manta. A wajenmu ba namijin da zai hango hayaƙi a saman ɗakin surace ya ci gaba da zama. Ta taga muka ga Baba da tawul a kafaɗa, ya riga ya kai ƙofa. Muka kwasa a guje cikin dusar ƙanƙara, Raimo da takalmi ƙafa ɗaya. Ba mu isa ba muka ji ruwa ya sauka a duwatsu, cuuu.

Raimo ya tura ƙofa. Ga Baba a bencin sama tsakanin wili biyu, ludayi a hannu. Tururi ya gama da fentin, ya dusashe ya yi ƙuraje kamar bayan kwaɗo. Wallahi na tausaya wa mijina.

"Rufe ƙofa, kana zubar da zafi," in ji Baba.

Ya shafa wilin da babban yatsa, ya dubi baƙin da ya manne masa.

"Na babur ɗina ne waɗannan?"

"Naka ne, Baba. Na bikinka ne. Na ɓata."

"Ka ɓata kam. Wa ya ce maka baƙaƙe ne? Jajaye ne. Uwar matarka ta zaɓa." Ya tura wili ɗaya gefe, ya bubbuga benci. "Tuɓe ka hau. Gobe mu kankare."

Aka bar ni a waje da kofi a hannu. Ta cikin katako ina jin muryar Baba tana ta zuba, har na fara zargin ko tururin fentin ne.

Biki ya zo ya wuce, babur na kan katako ba ƙafa. Kullum da hantsi suna gareji suna goge wili ɗaya, ɗayan ko taɓa shi ba su yi ba. Mai fentin hoda ya bugo waya ya ce layi ya zo kanmu. Raimo ya rufe wayar da tafin hannu, ya raɗa mini in ce ba ya nan.