Kunnen Jitar Bashar

Bashar ɗan goggona ne, taubashina, kuma tun muna yara na san bakinsa ya fi hannunsa aiki. Amma ban taɓa zaton zai yi wa Baba abin da ya yi ba.

Babana, Malam Attahiru, shekara arba'in ya yi yana naɗin fanka da injin ban ruwa a wata rumfa a bakin hanyar Konni, nan Illela. Da Bashar ya fara kiɗan jita a gidajen biki, ƙugi ya hana shi sakat. Ana tayar da janareta sai lasifika ta kama gurnani, kiɗan ya nutse a ciki. Baba ne ya kwance ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda ke ɗaukar sauti ya kai wa lasifika, ya gane kan aikinsa, ya ƙera masa sabo. Shi ya raɗa masa suna kunne.

Kunnen Baba ɗan siriri ne, bai kai faɗin yatsu biyu ba. A ciki akwai naɗi biyu na wayar tagulla mai kaurin gashin kai, kowanne da maganaɗisunsa a tsakiya. Ɗaya a naɗa shi dama, ɗaya hagu, maganaɗisun ma ɗaya ya dubi sama, ɗaya ƙasa. Ƙugin wuta ya shiga wannan, ya shiga wancan a juye, su kashe juna, sautin tsirkiya kuwa ya fito tas. Saboda ƙanƙantarsa muryarsa ba ta da kauri irin ta manyan, kaifi gare ta da zaƙi, kowace tsirkiya ka ji ta daban. Wannan aikin ya ƙarasa cinye idon Baba. Daga baya ni nake naɗin a keken ɗinkin Umma, shi yana gefe yana sauraro, kowane zagaye ɗari ya jefa tsakuwa a kwano. Tsakuwa arba'in, naɗi ɗaya ya cika.

Abu ɗaya Baba ya roƙi Bashar: in an tambaya, ya ce aikin Attahiru na Illela ne.

Sai ga bidiyo yana yawo a wayoyi. Wasu makaɗa daga Tawa sun tare Bashar a Konni, suna tambayar inda ya samo wannan sauti. Ya gyara hula ya ce, "Daga Faransa anka aiko man. Illela? Can in ba gyaran hwanka ba mi sunka iya?" Suka kwashe da dariya.

A tsakar gida na kunna wa Baba, ban san abin da ke ciki ba. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya lalubi butarsa ya shiga ɗaki. Ranar nan tuwonsa haka aka ɗauke shi bai taɓa ba.

Bayan sati biyu marar kunyar ya yi sallama da sabuwar jita a kafaɗa. Wai Alhaji Abdulaziz zai aurar da ɗansa, makaɗan Tawa za su zo, yana son sabon kunne.

Na ce, "Ka aika Faransa mana."

Ya ce, "Haba Sadiya, wasa na fa. Ke ba ki san kasuwa ba? In nic ce aikin Kawu na, wa za ya ganin girmanai?"

Baba ya ce, "Yi mashi, ɗiyata. Ɗan'uwanki na."

Na ce to. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, an daɗe ana yi, amma ba a gidanmu ba.

Na zauna na yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Tsakuwa arba'in, tsakuwa arba'in, na tsoma a kakin zuma, na goge murfin har yana ɗaukar ido. Sai dai duka naɗin biyu dama na naɗa su, maganaɗisun ma na sa su duban wuri ɗaya. Baba da sauraro yake ƙirga zagaye, amma ba ya jin ta wace fuska aka kafa kwarkwaron naɗin. Irin wannan, in ka gwada shi da lasifika mai batir inda babu wutar lantarki kusa, zuma ne. Bashar ya gwada a zaurenmu, ya lumshe ido, ya tafi ko na gode babu. Na ji daɗi har cikin raina. Na san ƙugin da zai shiga naɗin nan biyu ba mai kashe wani, haɗuwa za su yi.

Ranar bikin, bayan la'asar, na ja hannun Baba na zaunar da shi cikin dattawa, na koma ɓangaren mata inda zan ga komai. Makaɗan Tawa na gaba-gaba. Bashar ya fito cikin shadda mai maiƙo, aka tayar da ƙaton janareta a bayan rumfa, ya murɗa sauti.

Wayyo daɗi! Lasifika ta saki wani gurnani kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Yara suka toshe kunne. Ya rage, kiɗan ya ɓace. Ya ƙara, gurnanin ya ninka. Ya canza waya, ya matsa can, ya dawo nan, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wani daga cikin mutanen Tawa ya ɗaga murya, "Wanga shi na kayan Faransan?" Wurin ya ɗauki dariya, ni har da guɗa.

Sai Bashar ya fizgi makirfo.

"Jama'a, ba laihina ba na! Ba Faransa ba ta, ƙarya nika yi. Aikin Malam Attahiru na, mai gyaran hwanka, ga shi can zamne!"

Duk wuyan da ke wurin ya juya. Baba na zaune da sandarsa tsakanin gwiwoyi, fuskarsa na fuskantar lasifika. Nan take na katse guɗar.

A hanyar gida ina riƙe da hannunsa har muka wuce masallaci. Sannan ya ce, "Duka biyun dama kinka naɗa."

Na ce, "Shi yaj jawo, Baba. Wallahi ko gobe..."

"Shekara arba'in sunana bai taɓa shiga lasihika ba. Yau kin sa shi."

Har yanzu in na hango Bashar jinina tafasa yake, kuma ban ce na yafe ba. Amma washegari ina shara na ji ƙarar kwano a ɗakin keke. Na leƙa. Baba ne zaune, ya juye tsakuwoyinsa a tabarma yana lalube.

Ya ce, "Aje tsintsiyag ga. Tahi ki amso jitar, ki ce ina ba shi haƙuri."